Shatin Yatsan Baba Tsoho

Daga wurin Allah muka fito, kuma a farkon damunar bana Baba Tsoho ya riga mu komawa. Shi ne mahaifin mahaifiyata, mai hoton garin Illo, wanda ya koma gyaran rediyo da tocila da duk abin da ke cin batir bayan wayoyin hannu sun ƙwace masa sana'a. Ya cika da hantsi, aka kai shi makwancinsa bayan azahar. Motar da ta ɗauko ni daga makaranta a Birnin Kebbi ba ta tsallaka Kwara ba sai da la'asar, don haka ban iske shi ba. Mutanensa na iske, sun cika ƙofar gida har bakin titi.

Ƙanwarsa da ke aure a tsallaken iyaka ta zo bisa babur, ƙafafunta duk laka, tana shiga ta faɗa jikin kakata tana yi mata gaisuwa da Dandanci, ta manta a gidan nan Hausa ake yi. Mai kemis na bakin kasuwa, Kirista mutumin kudu da ya tsufa a garinmu, ya tuɓe takalmi ya zauna a gefen tabarma. In aka ɗaga hannu don addu'a shi ma sai ya buɗe tafukansa, in aka shafa ya shafa. Ya gaya wa kawunnina cewa yanzu ba shi da mai zuwa yana shinshina masa kwalbar sipirit yana zarginsa da surka ta da ruwa. Ƙanen marigayin, ladanin masallacin unguwarmu, ya fara kiran magariba, muryarsa ta karye a tsakiya, sannan ya sake ɗaukowa daga farko. Akwai kuma wani dattijo ɗan kasuwa daga ƙasar Benin da ya zo da tsohuwar rediyo a hammata. Bai kunna ta ba. Ya ajiye ta a cinya har aka watse.

Kowa ya buɗe baki sai ya ambaci wani hoto: na aure, na suna, na takardar tafiya aikin hajji, na mahaifin da ya rasu ba a da wani hotonsa sai wannan. Na zauna cikin mata ina saurare, sai na ga ashe fuskokin rabin garin nan ta hannun mutum ɗaya suka bi kafin su hau bango. Shi ya sa nake wannan rubutu. Wanda ya adana fuskokin mutane bai kamata a bar shi ya ɓace ba.

Ranar sadakar uku, bayan baƙi sun ragu, kawunnina suka fara tattara kayansa wuri ɗaya. Kawu Babba ya tambayi inda kyamarar take, baƙar nan mai nauyi da ya yi aiki da ita a ƙarshen sana'arsa. Kakata, wadda dukanmu muke kira Inna, ta shiga ɗaki ta fito da ita bisa tire, ta ajiye a tsakar gida. Robar da ke lulluɓe da mariƙinta ta narke, ta yi baƙin danƙo kamar kwalta da tsakar rana. A bayanta, daidai inda mai ɗauka ke ɗora babban yatsa, akwai shatin yatsa guda. Zanensa ya fito raɗau, layi bayan layi kamar kunyoyin gona, har da tabon da reza ta taɓa yi masa.

Kawu Ƙarami ya ce ashe Baba sai da ya dangwala ƙuri'arsa kafin ya tafi, aka yi 'yar dariya irin ta gidan makoki. Kawu Babba, wanda ke sayar da fetur a kwalabe a hanyar iyaka, ya miƙe zai ɗauko kwalba da tsumma, ya ce yanzu zai mayar da ita sabuwa.

"Kada wanda ya taɓa wurin ga," in ji Inna. "Yatsan Malam ne."

Na durƙusa na duba. Danƙon ya fara malalowa zuwa ɗan keken da ake murzawa da yatsa, da maɓallan da ke gefensa. Na san abin da hakan ke nufi, domin shi da kansa ya koya mini: in narkakkiyar roba ta shiga ƙarƙashin keke da maɓalli, ta cije su, kyamara ta tashi daga aiki ke nan. Abu biyu ne a gabanmu, kuma ɗaya kawai za mu samu. Ko a goge yatsan, kyamarar ta rayu, ko a bar yatsan, ta mutu da shi a jikinta. Inna ta ɗauki tirenta ta koma ɗaki, ta shiga takaba da shi.

Rumfarsa tana bakin kasuwa, kusa da masu sayar da busasshen kifi. A bango akwai labulen da ake tsayawa a gabansa, mai zanen gidan bene da jirgin sama a samansa. Manoman Lafagu da 'yan kasuwar Dole Kaina da yawa sun mallaki wannan bene na ɗan lokacin da ake ɗaukar hoto. Yakan gyara wa mutum hula, ya ɗaga masa haɓa da yatsa ɗaya, ya ce masa ya tuna da ranar da ya fi jin daɗi, amma kada ya yi dariya. Ni yakan kira ni amaryarsa, irin wasan kaka da jika, ya ce sadakina shi ne in riƙe masa madubi in juyo hasken rana kan fuskar mai hoto.

Bai yarda da akwati ba. Duk kayan aikinsa a sarari suke, bisa wata kanta ta kara da ya ɗaura a bango inda iska ke ratsawa. Kowace safiya kafin ya sha koko sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya shafa da bayan hannu, kamar mai duba zazzaɓin yara. In ya ji wani ya fara kama masa fata, sai ya ware shi gefe. Yakan ce roba daga ruwan itace aka yi ta, in ta tsufa gida take son komawa, shi ya sa take narkewa. Da na shiga babbar makaranta na dawo na gaya masa cewa yawancin robar zamani daga man ƙasa ake yin ta. Ya ce to ai magana ɗaya ce, shi ya sa take komawa kwalta.

Garinmu wuri ne mai wahalar da roba. Bazara ta gasa ta a ƙarƙashin rufin kwano, damuna ta zo da laima daga fadama ta jiƙa ta. Mutane sukan kawo masa rimot da rikoda da tocila suna riƙe da su da gefen riga, wasu suna rantsuwa wani abu aka zuba musu, wasu ma suna zargin sammu. Yakan karɓa da hannu biyu, ya ce babu wanda ya yi musu komai, tsufa ne. Sai ya cire batir tukun. Ya yagi farin tsumma daga tsohuwar rigarsa, ya ɗiga masa sipirit. Bai taɓa zuba sipirit a jikin abu kai tsaye ba, tsumma yake shayarwa. Ya murza wuri kaɗan, ya juya tsumman zuwa inda bai yi baƙi ba, ya sake murzawa. Lungunan maɓalli kuwa da tsinke yake bi, ya naɗa masa auduga a baki. In mai abu yana gaggawa, sai ya barbaɗa masa hoda, ya gaya masa gaskiya cewa wannan rufin ido ne, danƙon zai dawo. In an ba shi lokaci, sai ya kankare matacciyar robar har ƙasa, ya kai wa baduku ya yanko jar fatar akuya daidai wurin, ya liƙa. Har yau in ka shiga gidajen Illo za ka ga rimot mai rigar jar fata, ka san ta inda ya bi.

Ba ya son a yi magana yana wannan aiki. Na sha zama kusa da shi ina kallon tsummoki suna taruwa a gabansa, farare suna komawa baƙaƙe, ƙamshin sipirit yana gauraya da na kifi. Fuskarsa takan kwanta kamar ruwan tafki da safe. A wurinsa na fara ganin cewa mutum yana iya lallashin abin da ba ya numfashi.

Wannan dattijon mai rediyo, shi ne ya ba mu labarin yadda Baba Tsoho ya daina taɓa fetur. Shekarun baya ya kawo masa rediyon daga tsallake, jikinta ya yi danƙo. A ranar kuwa sipirit ya ƙare masa, ga fetur kuwa a kowace kusurwar garinmu, a kwalba, a jarka, a galan. Baba Tsoho ya jiƙa tsumma ya shafa. Danƙon ya fita tas, ya tafi da lambobin tashoshi da duk rubutun da ke fuskar rediyon, fuskar ta yi fari fat kamar idon makaho. Mutumin ya ce shi da ya zo a wanke wa rediyonsa jiki, sai aka wanke mata hankali. Baba Tsoho bai yi gardama ba. Ya shimfiɗa masa tabarma, ya samo jan fenti da tsinke, suka zauna tare suna murza rediyon a hankali. Duk tashar da mutumin ya gane da kunne, sai a ɗiga mata alama. Tashar Faransanci ɗigo ɗaya, ta Dandanci ɗan layi, ta Hausa da yake ji da safe zanen jinjirin wata. Ya nuna mana fuskar rediyon a wurin makoki, alamomin suna nan. Ya ce 'ya'yansa sun saya masa sabuwa, amma ita ba ta san tashoshinsa ba.

Rigimarsa mafi tsawo da ƙanensa ladan ya yi ta, kuma a kan sipirit ce. Ladan ya ce abin nan ɗan'uwan giya ne, bai ga dalilin da musulmi zai wuni yana dama hannu a cikinsa sannan ya shigo sahu ba. Baba Tsoho ya ce da shi ake goge wa mutum hannu a asibiti kafin allura, kuma bai taɓa ganin ladan ya gudu daga allura ba. Ladan ya ce lalura daban, sana'a daban. Maganar ta yi zafi a zaure har aka jiyo su daga cikin gida. Baba Tsoho yana da taurin kai, ba zan ɓoye wannan ba don ya mutu. Ya faɗi maganar da ba ta dace ba, ya ce wanda iliminsa bai wuce tsayin lasifika ba shi ne zai koya masa tsarki. Suka shafe damuna guda suna gaisuwar baki kawai, matansu suna aika wa juna tuwo a ɓoye.

Sai makirfon masallaci ya fara narkewa. Ladan yana kiran salla, yana saukowa da baƙi a tafin hannu, sai ya sake wanke hannu kafin a tayar. Ya naɗe shi da tsumma, tsumman ya liƙe. Bai kawo wa yayansa ba, girman kai bai bar shi ba. Baba Tsoho ya gani daga sahu. Wata ranar kasuwa, ranar da ya fi samun masu hoto, ya rufe rumfa, ya shiga masallaci bayan an watse ya kwance makirfon ya kawo gida. Muka zaci kwalbar sipirit zai ɗauko. Sai ya ce Inna ta ba shi kanwa. Ya daka ta, ya dama da ruwa kaɗan ta yi kauri, ya zauna yana dirzawa. Aikin da sipirit zai gama kafin shayi ya huce, ya wuni a kansa, yana mita, yana cewa Allah ya haɗa shi da ƙane mai kan dutse. Fatar yatsunsa ta saɓule. Ya kai wa baduku aka yi masa riga, ya mayar da shi wurinsa kafin magariba.

Ladan ya ɗauka, ya juya shi, ya shinshina. Bayan salla ya tsaya a ƙofar zaure.

"Yaya, da mi ka wanke shi?"

"Da kanwar miya. In ita ma haramun ce ka hwaɗi, in gaya wa mata su daina."

Ladan ya yi dariya har ya dafa bango. Ba su taɓa daidaitawa a kan hukuncin sipirit ba har mutuwa ta raba su, amma daga ranar duk abin da ya fito daga gidan ladan da kanwa ake wanke shi.

Akwai fuska ɗaya da Baba Tsoho bai taɓa samu ba, ita ce ta Inna. Mahaifinta malami ne da ba ya son hoto, ta taso a haka, ta zauna a haka. Ta auri mai hoto, ta ci tuwon hoto, ta aurar da 'ya'ya da shi, amma in ya ɗago kyamara sai ta ja mayafi. Katin zaɓe ma ba ta yi ba saboda haka. Ya yi lallashi, ya yi dabara, ya taɓa laɓewa bayan rumbu da safe tana tankaɗe, abin da ya samu shi ne hoton rariya da gwiwar hannu. Yakan ce ya ɗauki hakimai da 'yan sanda na ƙasa biyu, amma mace ɗaya ta gagare shi. Ita kuwa takan ce yana ganinta safe da yamma, me zai yi da takarda.

Da ciwo ya kwantar da shi, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, aka rufe rumfa aka kwaso kaya gida. Inna ta duba cikin kayan ta ga babu abin da ya fi so kamar wannan kyamara, sai ta yi mata irin ajiyar da take yi wa zannuwanta na biki. Ta naɗe ta a leda, ta ƙulle baki, ta jefa ƙwayoyin kafur don kada kyankyaso ya kusance ta, ta sa a cikin babbar kwalla ta rufe, ta ɗora a saman jere, can kusa da rufin kwano inda hannun jikoki ba ya kaiwa. Iyakar gatan da ta sani ke nan. Ba ta taɓa zama a rumfarsa ba, ba ta ji abin da yake faɗa game da iska ba. Kyamarar ta yi bazara biyu a wurin.

Mahaifiyata ce ta ba ni labarin ranar da ya neme ta, ana saura kwanaki kaɗan ya rasu. Aka sauko da kwalla, aka kwance leda, ledar ta ƙi rabuwa da mariƙin sai da aka ja. Inna ta tsaya riƙe da murfin kwalla. Ya dube ta, ya dubi kyamarar, sai kafaɗarsa mai lafiya ta fara girgiza. Dariya yake yi. Da harshensa da ya yi nauyi ya ce mata ta iya girki, wannan kam ta nuna. Ya karɓa da hannun dama, ya ɗora yatsa inda ya saba ɗorawa, ya ɗaga ta saitin fuskar Inna. Ita kuma, da hawaye a idonta, ta ja mayafi kamar kullum. Babu ko batir a ciki. Da ya sauke hannu yatsansa ya fito da ƙyar, ya bar shatinsa.

"Wagga sai amaryata ta zo," ya ce.

Wato Inna ta san abin da ya so a yi. Ni ma na san ta sani. Shi ya sa ban matsa mata ba.

Duk tsawon takaba kyamarar tana bisa tagar ɗakinta, a sarari, inda iska ke shigowa. Mahaifiyata ta gaya mata dokarsa, ta bi ta sau da ƙafa, sai dai roba in ta fara tafiya ba ta tsayawa. Da na zo hutun tsakiyar zango na iske zaren auduga da ƙananan ƙwari sun maƙale a kanta, layukan yatsan sun fara cikewa daga gefe, keken kuma ya yi nauyi, sai an danna da ƙarfi yake motsawa. Na zauna kusa da Inna a tabarma na gaya mata a hankali cewa lokaci yana ƙurewa. Na ce in ta yarda in ɗauki hoton shatin da wayata, a wanke shi babba, a kafa mata a bango.

"Shi da ya ɗauki duniya bai bar mini hoto ba, yatsa ya bar mini," ta ce. "Ke kuma ki ba ni hoto?"

Kafin in koma makaranta na bi ta wurin mai kemis. Ban gama bayani ba ya sauko da kwalbar sipirit daga can sama, ya ce wannan ce wadda Baba ba ya kushewa sosai. Na sayi ƙananan batura a shagon da ke kusa da shi, na ɗauki tsohuwar farar rigar Baba Tsoho daga kayan da za a bayar sadaka, na haɗa su a jaka na rataye a bayan ƙofar Inna. Ta ga jakar. Ba ta tambaya ba, ba ta kuma sa an cire ta ba.

Ranar fitar takaba gida ya cika tun safe. Aka yi mata kitso, ta yi wanka, ta ɗaura sabon zane mai ruwan ganye, ƙanwar marigayi ta sake tsallako iyaka da ƙullin turare. Bayan azahar mutane suka ɗan lafa, wasu suka kishingiɗa a inuwa. Inna ta leƙo ta kira ni da hannu. Na iske ta zaune bakin gado, kyamarar a cinyarta bisa tsumma. Shatin yana nan, amma ya dushe, kamar sawun ƙafa a bakin kogi bayan ruwa ya taɓa shi.

Ta daɗe tana kallonsa. Ta ce duk watannin nan ba ta taɓa shi ba ko sau ɗaya, tana tsoron kada ya ɓaci, ga shi kuma yana ɓacewa ba tare da an taɓa shi ba. Sai ta ɗaga babban yatsanta na dama, ta daidaita shi a kan nasa, ta danna. Ta rufe ido. Na ji ƙarar tabarya daga maƙwabta, na ji kaza tana kiran 'ya'yanta a tsakar gida. Da ta ɗago, robar ta biyo yatsan da siraran zare kafin ta sake shi. Shatin da ya rage a wurin nata ne. Nasa ya koma kan fatarta, baƙi ƙirin.

"To, mun yi sallama," ta ce. "Ɗauko jakarki. Ki yi sauri kahin la'asar, alwala ba ta hawa bisa wanga abu."

Na yagi rigar, na shayar da tsumma, na fara daga gefen keken. Na murza kaɗan, na juya tsumma, na sake murzawa, na bi lungu da tsinke da auduga. Baƙin yana fita, ƙaramin rubutun da ke kusa da maɓallan yana bayyana ba tare da ya goge ba. Inna tana zaune ta ɗaga yatsanta sama kamar mai ƙunshi, kada ya taɓa sabon zane. Ban tsaya wa sauran jikin ba, wannan aikin kwanaki ne. Keken da maɓallan kawai na 'yantar. Na murza, ya cije. Na sake bi da auduga, na hura, na murza. Ya juya da ɗan ƙaran nan nasa, ƙas, ƙas, ƙas. Na zuba batura, na danna. Idon kyamarar ya turo kansa waje a hankali, kamar wanda aka tasa daga barcin rana.

Na ɗago na dubi Inna. Hannunta na hagu ya riga ya kai bakin mayafi.

"Ba huska ba," ta ce. "Hannu."

Ta miƙo shi cikin hasken taga, tafin a buɗe, jijiyoyi sun fito, zoben azurfa a ƙaramin yatsa, babban yatsan ɗauke da baƙin. Na tuna abin da yake gaya wa masu zuwa rumfarsa, amma ban faɗa ba, na ga ba ta buƙata. Na ɗauka. Shi ne hoton Inna na farko a duniya, kuma suna ciki su biyu.

Daidai nan ladan ya ɗauki makirfonsa mai rigar jar fata ya fara kiran la'asar, muryarsa ta fita har ƙarshe ba ta karye ba. Na jiƙa sabon tsumma na kamo hannunta zan goge. Ta janye, ta harare ni.

"Da kanwa, ɗiyata. Salla zan yi."

Kyamarar tana wurina yanzu. Baduku ya yi mata mariƙi da fatar tsohon alaben Baba Tsoho, tana rataye a ƙusa kusa da taga, kowace safiya ina shafa ta da bayan hannu. Ya Allah, bawanka ya wuni yana kankare danƙo daga kayan mutane da haƙuri, bai taɓa ce wa abu ya tsufa a jefar ba. Ka wanke shi da rahamarka fiye da yadda ya wanke, ka yalwata masa kabari, ka buɗe masa taga ta wajen Aljanna inda iska ke shigowa. Mu da muka saura, ka sa mu iske shi da hannuwa masu tsabta.